Kalmar "Sakramenti" a Bakin Bahaushe: Sharhi a kan Ma'ana da Fassara

1.0 Gabatarwa

Harshen Hausa ya daɗe yana hidima ga addinai biyu. Musulmi ne suka fara gina masa kalmomin ibada, ƙarnoni da dama da suka wuce, ta hanyar aro daga Larabci. Daga tsakiyar ƙarni na 19 kuma sai masu wa'azin Kirista suka shiga fassara littattafansu da shi, har ya zama harshen da Kiristocin Arewa na ƙabilu daban-daban suke haɗuwa a kansa a majami'u. Da yake rumbun kalmomin ɗaya ne, duk kalmar da mai fassara ya ɗebo takan zo masa da tsohon kayanta. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda wannan al'amari ya shafi fanni guda na koyarwar Ikilisiyar Katolika, watau sakramentoci bakwai: mece ce ma'anarsu da manufarsu a wurin masu su, kuma a ina kalmomin Hausa suka riƙe wannan ma'ana, a ina suka zubar da ita. Hukunci a kan ingancin aƙida aikin malaman addini ne. Abin da za a auna a nan shi ne fassara.

An ɗauko yawancin misalai daga rayuwar ƙasar Haɗejiya da fadamunta. A can Musulmi ne mafi rinjaye ƙwarai, Katolika 'yan kaɗan ne, saboda haka kunnen da ke jin waɗannan kalmomi kunne ne da ya tashi da ma'anarsu ta Musulunci da ta gargajiya. Kalmar da ta isar da saƙo a irin wannan wuri za ta isar da shi ko'ina.

2.0 Asalin Kalmomin

J. F. Schön ya fara buga kalmomin Hausa a 1843, ya kuma fassara sassan Sabon Alkawari. Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga 1905, shi ne ginshiƙin aikin da ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Waɗannan masu fassara duk 'yan Furotesta ne. Limaman Katolika sun sauka a Shendam a 1907, amma Latin ne harshen babbar ibadarsu har zuwa Majalisar Vatikan ta Biyu (1962-1965), wadda a watan Disamba 1963 ta buɗe ƙofar amfani da harsunan gida. Lokacin da Katolika suka juyo ga Hausa gadan-gadan, sun tarar an riga an ɗinka kalmomi irin su baftisma da alheri da Jibin Ubangiji bisa awon wasu. Bambancin awon kuwa babba ne, domin yawancin 'yan Furotesta biyu suka riƙe daga cikin bakwai, watau baftisma da Jibin Ubangiji, wasunsu ma suna ɗaukar na biyun a matsayin tunawa kurum.

Ta fuskar tsarin Ikilisiya, Haɗejiya da sauran Jihar Jigawa suna ƙarƙashin bishof na Kano. An keɓe yankin Kano a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ya zama cikakkiyar dayosis a 1999. A 2023 kuma aka kafa dayosis ta Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, bishof ɗinta na farko. Ke nan batun Hausar Katolika ya wuce batun baƙi masu koyon harshe, ya shafi 'yan gida.

3.0 Abin da Koyarwar Ta Ce

Kalmar sacramentum ta Latin ce. A Rum ta dā tana nufin rantsuwar da soja kan yi ranar da ya shiga runduna. Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, yana cikin na farko da suka ɗora ta a kan baftisma, wajen shekara ta 200. Agustin (354-430), bishof na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya bayyana ta da cewa alama ce da ido ke gani ta abin da ido ba ya gani. Bitrus Lombard ya jera su bakwai a ƙarni na 12, Majalisar Tirent ta tabbatar da wannan adadi a 1547. Littafin Katikisim na 1992 ya kasa su gida uku:

(1) Na shiga: baftisma, tabbatarwa, Yukaris.
(2) Na warkarwa: tuba, shafewar marasa lafiya.
(3) Na hidimar jama'a: naɗin firist, aure.

Toma Akwinas (ya rasu a 1274) ya kwatanta jerin da rayuwar jiki. Akan haifi mutum, ya girma, ya ci abinci, in ya yi ciwo a yi masa magani, jama'a kuma tana bukatar shugabanni da zuriya. Haka ruhu yake da haihuwa da girma da abinci da magani.

Muhimman abubuwa uku ne suka haɗu a ma'anar. Na farko, sakramenti alama ce ta zahiri: ruwa, mai, gurasa, ɗora hannu, tare da kalmomi ayyanannu. Na biyu, alamar tana aikata abin da take nunawa, watau tana ba da alherin Allah a daidai lokacin da ake yin ta. Na uku, mai aikin a haƙiƙa Almasihu ne, limami wakili ne kawai, don haka ingancin aikin bai rataya a kan tsarkin limamin ba. Wannan batu na uku shi ne Agustin ya kare a jayayyarsa da mabiya Donatus na Arewacin Afirka, waɗanda suka ce baftismar limami mai zunubi ba ta inganta. Sai dai koyarwar ta ƙara da cewa amfanin da mai karɓa zai samu yana tafiya da bangaskiyarsa da shirin zuciyarsa. Manufar duka, kamar yadda Majalisar Vatikan ta Biyu ta zayyana, ita ce tsarkake mutum, gina jama'ar Ikilisiya, da yi wa Allah sujada.

Duk fassarar da ta saki ɗaya daga cikin waɗannan uku ta karkata. In aka saki na biyu, sakramenti ya koma tuni kurum. In aka saki na uku, ya koma sihiri. Kalmomin Hausa da ke kusa da hannu suna ja zuwa ɗayan ramukan nan biyu.

4.0 Asiri, Alama, Alheri

Kafin Latin, kalmar Girkanci mysterion ake amfani da ita. Kiristocin Larabawa sun fassara ta da sirr, har yau suna kiran sakramentoci asrar. Daga wannan saiwa Hausa ta sami kalmar asiri, kuma ita Littafi Mai Tsarki na Hausa ya sa a Afisawa 5:32, ayar da Katolika ke kafa hujja da ita a kan aure. A ido, fassara ta samu cikin sauƙi. Amma a duba yadda kalmar take aiki a bakin jama'a:

(4) An yi masa asiri.
(5) Asirinsa ya tonu.
(6) Allah ya rufa asiri.

A (4) sammu ake nufi, a (5) abin kunya da ake ɓoyewa, a (6) sutura da mutunci. Babu ɗaya da ya dace da mysterion, wadda ke nufin shirin Allah da yake ɓoye a dā, sa'an nan aka bayyana shi. Wanda ya ce wa manomi a Guri ko Kiri Kasamma Kiristoci suna da "asirai bakwai" ya riga ya gaya masa cewa suna da layu bakwai. Saboda haka barin asiri da riƙe kalmar aro, sakramenti, hukunci ne mai kyau, ko da yake kalmar ba ta gaya wa baƙon kunne kome, harshen Bahaushe ma yakan sa mata wasali ya ce sakaramenti.

Da yake kalmar aro kurma ce, dole a yi mata bayani, kuma alama ce ke fara zuwa baki. Matsalarta ita ce a Hausa alama tana nuni ne daga nesa. Hadari alamar ruwa ne, amma ba ya jiƙa gona. Zuwan shamuwa alamar damina ce, amma ba shamuwa ke kawo damina ba. Mai koyarwa da ya tsaya a kan cewa baftisma "alamar sabuwar rayuwa ce" ya faɗi abin da ɗan Furotesta zai amince da shi, ya bar rabin da ya sa abin ya zama na Katolika.

Ita kuwa alheri, daga Larabci al-khair, ta daɗe tana wakiltar gratia. Tana da ƙarfi ta fuska ɗaya, domin alheri kyauta ce da ba a biya ba. Rauninta shi ne a Hausa alheri abu ne da ke shiga hannu ko aljihu, kamar yadda akan ce "ya yi mini alheri", alhali a koyarwar Katolika ana nufin rayuwar Allah da ke shiga cikin mutum ta sāke shi. Albarka ta fi kusa da wannan, tun da tana shiga ta zauna, tana kuma bi ta hannu da baki. Sai dai albarka a al'adar Hausa tana rataye da darajar mai ita: ta malami mai tsoron Allah ta fi ta wanda bai kai shi ba. Wannan kuwa shi ne ra'ayin mabiya Donatus da aka ambata a baya. Ke nan alheri ta fi aminci, muddin ana bin ta da bayani.

5.0 Maganar da Ke Zartarwa

Abin mamaki shi ne Hausa ba ta rasa hanyar bayyana alamar da ke aikata abin da take nunawa ba. Masu fassara ne suka nemi hanyar a fagen addini, alhali tana fagen sarauta da shari'a. A ranar naɗi a fadar Sarkin Haɗejiya, rawani ƙyalle ne har zuwa sa'ad da aka naɗa shi a kan mutum da izinin Sarki. Daga wannan lokaci mutumin ya zama hakimi. Rawanin bai zo don tuna wa jama'a wata sarauta da aka bayar jiya ba, da shi ake bayar da ita. Wanda ya sa hannu ya yi naɗin kuwa ko mutumin kirki ne ko akasin haka, sarauta ta tabbata, domin ikon na Sarki ne. A nan abubuwan nan uku sun haɗu: alama ta zahiri, zartarwa, da wakilci.

Masanin falsafar harshe J. L. Austin, a littafinsa na 1962, ya bambanta maganar da ke ba da labari da wadda faɗinta shi ne aikata ta. Hausa tana da irin ta biyun da yawa:

(7) Na yafe maka.
(8) Na sake ki.
(9) Mun ba ku. Mun karɓa.
(10) Na rantse.

Abin lura shi ne duk suna cikin shuɗaɗɗen lokaci, ko da yake a lokacin furucin ne aikin ke aukuwa. Harsunan Turai kuwa lokaci mai ci suke sa wa irin waɗannan jimloli. Mai fassarar da ya bi su sau da ƙafa zai ce "ina yafe maka", wanda a kunnen Bahaushe aiki ne da bai kammala ba. A wurin baftisma "ina" tana da hujja, tun da ana zuba ruwa ne ana magana. A wurin kwance zunubi kuwa "na" ce ke ɗauke da nauyin hukunci.

Wannan ba ƙaramin batu ba ne, domin a koyarwar Katolika kalmomin suna cikin jikin sakramenti. A watan Agusta 2020 ofishin kula da aƙida na Vatikan ya yanke cewa baftismar da aka yi da lamirin "mu" a maimakon "ni" ba ta inganta ba, dole a sake ta, saboda mai yin baftisma yana magana ne da bakin Almasihu, ba da bakin taron jama'a ba. Ladabin Hausa kuwa yana tura babba ya ce "mun", kamar yadda sarki ke cewa "mun naɗa ka". Abin da yake kunya da girmamawa a fada ya zama ɓata aiki a majami'a. Tun daga dokar Paparoma Faransis ta 2017, majalisun bishof-bishof na ƙasashe ne ke da alhakin fassarar littattafan ibada, Rum tana tabbatarwa. Shawarar masana nahawun Hausa tana da gurbi a wannan aiki.

Kwatancen rawani yana da iyaka. Ana tuɓe rawani, tarihin masarautun Arewa cike yake da misalai. Baftisma da tabbatarwa da naɗin firist kuwa, a koyarwar Katolika, suna barin hatimi a ruhu wanda ba ya goguwa, shi ya sa dokar Ikilisiya ta 1983 ta hana maimaita su. Agustin ya kwatanta wannan da tambarin da ake yi wa soja a jiki. Daidai da shi a Hausa ita ce tsagar gado: wanda wanzami ya yi wa, ko ya bar gari ya yi fushi da dangi, fuskarsa tana faɗin gidansu.

6.0 Kalmomin Ɗaya Bayan Ɗaya

6.1 Baftisma

Asalin kalmar a Girkanci tsomawa ne cikin ruwa. Ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta saba barin ta yadda take a fassarori, don kada ta shiga gardamar masu nutsarwa da masu zubawa. Dokar Katolika ta yarda da hanyoyin biyu. In aka zo bayani, wanka ce ke zuwa kusa, ita kuwa tana jawo wankan janaba da wankan shiga Musulunci da alwala, waɗanda tsarki ne da ke warwarewa a sabunta. Wasu kuma sukan ɗauke ta a matsayin sunan Kirista, tun da jariri ake kaiwa kuma akan ambaci sunansa. Wanke zunubi yana cikin ma'anar, amma babi na 6 na wasiƙar Romawa ya ɗora ta a kan mutuwa da tashi: tsohon mutum ya nutse, sabo ya fito.

Mutumin fadamar Haɗejiya ba ya bukatar dogon sharhi a kan ruwa mai kisa da rayarwa. Kogin da ya taso daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa yakan cika ya malale a ƙarshen damina, ya ci gonaki ya rushe gidaje, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Shi ne kuma in ya janye yake barin danshi da kifi da ciyawar da ake rayuwa a kansu har rani. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, malalar ta ragu, fadamu da dama suka ƙeƙashe, jama'a suka ga cewa rashin ambaliya ma wata mutuwa ce. Fi'ilan nutse da tsoma da fito sun fi wanka isar da wannan ma'ana.

6.2 Tabbatarwa

Kalmar Latin tana ɗauke da tabbatarwa da ƙarfafawa gaba ɗaya, Hausa kuwa sai ta zaɓi guda. Tabbatar fi'ili ne mai neman a san wa ya tabbatar da me. Da yake yara masu wayo ne galibi ke karɓa, saurin fahimta shi ne yaron ne ke tabbatar da alkawarin da iyaye suka ɗaukar masa. Koyarwar kuwa ta ce Allah ne ke hatimce wanda aka yi wa baftisma da baiwar Ruhu Mai Tsarki, ta hanyar ɗora hannun bishof da shafa mai a goshi. Ƙarfafawa ta fi kare wannan ma'ana, domin ba a cewa mutum ya je a ƙarfafa shi a fahimci shi ne mai aikin.

6.3 Yukaris

Jibin Ubangiji, daga 1 Korintiyawa 11:20, Hausa ce mai kyau, ko da yake jibi mai ma'anar abinci ta tsufa, a rubuce kuma tana kama da jibi ta bayan gobe. Amma ta riƙe cin abinci ne kaɗai. A wurin Katolika akwai ƙarin abu biyu: hadaya ce, kuma gurasa da ruwan inabin suna zama jiki da jinin Almasihu a haƙiƙa, kamar yadda Majalisar Lateran ta Huɗu ta 1215 da ta Tirent suka zayyana. Asalin kalmar Yukaris kuwa godiya ne. Babu kalmar Hausa guda da ta tattara jibi da hadaya da godiya, don haka aro ya wajaba.

Kayan ma suna da magana. Doka ta ce gurasar ta zama ta alkama zalla, a Ikilisiyar Latin marar yisti, alhali gurasar da Bakano ya sani mai kumburi ce. Ruwan inabi kuma yana ɓoye cewa dole ya zama wanda ya tsimu, an guje wa giya saboda nauyinta a kunne. Wasu masana sun tambayi dalilin da zai hana a yi da abincin ƙasa, René Jaouen ma ya rubuta littafi a 1995 a kan Yukaris na gero, daga zamansa a Arewacin Kamaru. Rum ta sake jaddada alkama a 2004. A ƙasar Haɗejiya gardamar tana da sauƙi ta fuska ɗaya, tun da ana noman alkama da rani a Auyo da kewaye.

6.4 Tuba

Tuba daga Larabci take, kuma a Musulunci tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, ba tare da ɗan tsakani ba. Tana da wata ma'ana ta tarihi: in aka ce Bamaguje ya tuba, musulunta ake nufi. Sakramentin kuwa ya ƙunshi nadama, furta zunubi ga firist, aikin gyara, da kwancewa. Iƙirari ta dace da furtawar, amma tana warin zauren alƙali. Babbar katanga ita ce kunya, domin tarbiyyar Hausa tana yaba wa wanda ya suturta laifinsa. A nan ne asiri, wadda aka ƙi a sashe na 4.0, take da wurin zama. Doka ta haramta wa firist faɗin abin da ya ji ko da za a kashe shi, wanda ya karya kuma an fitar da shi daga tarayya nan take. Rufin asiri ya fassara wannan sarai.

6.5 Shafewar Marasa Lafiya

An daɗe ana kiranta shafewar ƙarshe, har Majalisar Vatikan ta Biyu ta fifita sunan da ake amfani da shi yanzu, don kada a jira sai ana gargara. Tushenta wasiƙar Yakubu 5:14-15. Haɗarinta a Hausa shi ne a jera ta da tofi da rubutun sha, a auna ta da ko majinyaci ya tashi. Manufarta ita ce ƙarfin zuciya, gafara, da haɗa wahalar majinyaci da ta Almasihu, lafiyar jiki kuma in ta zama alheri gare shi. Tun 1972 Paparoma Bulus na Shida ya yarda a yi amfani da man wani tsiro in na zaitun ya yi wuya, ke nan man gyaɗa ko na riɗi bai saɓa wa doka ba.

6.6 Naɗin Firist

Naɗi ita ce kalmar da ta fi kowace dacewa a cikin bakwai, bisa dalilan da aka kawo. Matakansa uku ne: dikin, firist, bishof. Arewa ta ga babban misalinsa a watan Fabrairu 1982, sa'ad da Paparoma Yahaya Bulus na Biyu ya naɗa firistoci a Kaduna. Limami, wadda kafofin labarai suka saba da ita, tana da amfani wajen sauƙaƙawa, amma limanci jagorancin salla ne da duk mai ilmi zai iya yi yau ya bari gobe.

6.7 Aure

A nan harshe da koyarwa sun fi yin hannun riga. Bahaushe yakan ce "an ɗaura musu aure", kuma gaskiya ya faɗa, domin waliyyi da wakili ne ke yin siga a gaban shaidu, ango da amarya ma ba lalle su halarta ba. A Ikilisiyar Latin kuwa ma'auratan ne ke ba juna sakramenti da yardar bakinsu, firist shaida ne. Daɗin daɗawa, Hausa tana ƙirga igiyar aure uku, watau hoton tsinkewa yana cikin kalmar kanta, alhali auren Katolika tsakanin masu baftisma, in an tare, mutuwa ce kaɗai ke raba shi, kuma mace ɗaya ce. Alkawari ta fi ɗauri kusa da abin da ake nufi.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kalmomin sun kasu uku: waɗanda suka dace, kamar naɗi da rufin asiri, waɗanda suka riƙe rabi, kamar alama da alheri da jibi da tabbatarwa, da waɗanda ke ɓatarwa, kamar asiri da wanka. Bisa ga haka ana ba da shawara uku.

Ta farko, a riƙe sakramenti, amma a tsayar mata da bayani guda da ba ya canzawa. "Alama mai zartarwa" ta cancanci a gwada ta, tun da zartarwa kalma ce da kowa ya sani daga hukunci da mulki. Ta biyu, masu koyar da katikisim su ɗebo misalai daga naɗi da siga da tsagar gado da malalar kogi, su kuma faɗi inda kowane misali ya tsaya. Ta uku, ƙamusoshi su shigar da kalmomin Kirista tare da nuna ɗariƙar da ke amfani da kowace. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 an yi su ne kafin Hausa ta shiga babbar ibadar Katolika. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da sassan Hausa na sauran jami'o'i, suna da ƙwarewar tattara irin waɗannan keɓaɓɓun kalmomi, kamar yadda aka yi wa nahawu da adabi a littafin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990.

Amfanin aikin bai tsaya ga Katolika ba. Ɗan jarida da alƙali da malamin makaranta a Haɗejiya duk sukan sami kansu suna fassara addinin maƙwabci ga jama'ar da ba ta san shi ba, kuma da kalmomin da ke hannunsu za su yi. In kalmar ta ce sihiri a inda mai abin yake nufin alheri, zargi ya shiga tun kafin a fara magana.